Salula a Buza: waya a hannunka, makulli a hannun Google

Masu gyaran salula a kasuwannin Buza, Tabotaki da Madawa sun saba da wani ƙorafi: waya lafiyarta ƙalau, gilashi bai fashe ba, batir yana riƙe caji, amma ta ƙi buɗewa. Tana neman adireshin Gmail da lambar sirrin da aka fara sa mata, mai ita kuwa bai taɓa sanin su ba. Ko dai yaron shagon da ya sayar da ita ne ya buɗe asusun a gurguje, ko kuma ɗa ne da ke bida a Abijan ko Libiya ya aiko da ita da nasa asusun a ciki.

Wannan kulle ba lalacewa ba ce. Tun 2015, daga Android 5.1, Google ya sa shi domin ɓarawo ya kasa goge waya ya sayar. Apple ya riga shi da shekara biyu a wayoyin iPhone. Niyyar mai kyau ce, sai dai an tsara ta ne don mutumin da ke karatu, yake kuma riƙe da lambobinsa. A Adar, inda waya guda kan bi hannu uku ko huɗu kafin ta mutu, sau da yawa mai haƙƙi take kullewa waje.

To, me zai hana a cire Google gaba ɗaya a huta? Nan gizo ke saƙar. Android kansa kyauta ne, kowane kamfani na iya ɗauka. Amma Play Store, Maps, YouTube da Gmail mallakar Google ne, kuma ƙarƙashinsu akwai wata manhaja da ba a gani, Google Play Services. Ita ce ke sanar da waya cewa saƙo ya shigo a manhajoji masu yawa, ita ke taimakawa wajen gano inda mutum yake, ita kuma wasu manhajojin banki ke tambaya ko an taɓa cikin wayar kafin su yarda su buɗe. MyNita da AmanaTa, waɗanda iyalai da dama ke karɓar aike da su, a Play Store ake sauke su. WhatsApp kuwa a Google Drive yake ajiye kwafin hirarraki. Ga ɗan kasuwar albasa a Madawa ko Keita, saƙonnin muryan nan su ne littafin bashi: buhu nawa aka ɗora, wa ya biya, wa ya ce sai mota ta isa Akara. Ranar da asusu ya ɓace tare da waya, shaida ta tafi.

Wanda ke ganin abin mai sauƙi ne ya dubi Huawei. A watan Mayu 2019 Amurka ta sa kamfanin cikin jerin waɗanda aka hana wa fasaharta, sabbin wayoyinsa suka fara fitowa babu manhajojin Google, tun daga Mate 30. Kamfani ne mai dukiya da dubban injiniyoyi. Ya faɗaɗa shagonsa na AppGallery, ya ƙera HarmonyOS. A China, inda dama an toshe Google, ya tsaya da ƙafarsa. A waje kuwa masu saye suka watse, har ya sayar da reshensa Honor a Nuwamba 2020, shi kuma Honor da ya samu kansa ya koma wa Google.

Mu a nan igiya biyu ce ta ɗaure mu. Tecno, Itel da Infinix duka na kamfani guda ne, Transsion na birnin Shenzhen, wanda ya fi kowa sayar da waya a Afirka. Bayan na Google, yakan cusa nasa kayan, irin su Palm Store, Phoenix da Boomplay. Wasu ba su goguwa, iyaka a dakatar da su. A ƙaramar waya suna cin wuri, suna cin megan da mutum ya saya da ɗari biyar ɗinsa, suna turo talla. A 2020 ma kamfanin bincike na Upstream ya gano muguwar manhaja da ta zo tun daga masana'anta cikin dubban Tecno W2 a ƙasashe irin su Gana, Kamaru da Habasha, tana sa mutane cikin biyan kuɗi ba da saninsu ba. Transsion ya ɗora laifin kan wani mai kawo masa kaya.

Jama'a ba su zauna ba. Ana tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender, matasa na sa GB WhatsApp duk da cewa WhatsApp na rufe lambobin masu amfani da shi. Akwai kuma tsarin da ba ya buƙatar Google, kamar LineageOS, amma da wuya ka ga Itel a jerin wayoyin da yake karɓa. Ita ma ƙofar Xender ana shirin ƙuntata ta: a Agusta 2025 Google ya sanar cewa zai riƙa neman tantance duk wanda ya ƙera manhaja, ko da ba ta Play Store ta bi ba, farawa da Brazil, Indonesiya, Singapo da Tailan a 2026.

Manyan kasuwanni ne kaɗai suka iya taka wa Google birki. A Yuli 2018 Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 4.34, sama da sefa biliyan 2,800, wato fiye da kasafin kuɗin Nijar na wannan shekarar, saboda tilasta wa masu ƙera waya sa injin bincikensa da Chrome. Indiya ta bi sahu a 2022. Nijar ita kaɗai ba ta da wannan nauyi, balle yawancin wayoyinmu ta hannun ƴan kasuwa suke shigowa daga Kano ko Dubai, ba ta wakilin kamfani da za a iya kira a tuhuma ba.

Ana yawan maganar ƴancin kai a fannin sadarwa, ƙasashen AES ma sun cimma yarjejeniyar soke kuɗin roaming a tsakaninsu. Amma a ganina alkawarin ƙera tsarin waya na gida mafarki ne a yanzu. Abin da ke iya yiwuwa ya fi haka ƙanƙanta. Ƙasashen uku na iya haɗa baki su shar'anta wa masu shigo da waya cewa duk manhajar talla ta zama mai goguwa. ARCEP da HAPDP, hukumar kare bayanan jama'a, na iya wajabta wa mai shago ya damƙa wa mai saye adireshi da lambar sirri a rubuce, a kuma yi bayanin da Hausa da Tamashek a gidajen rediyon karkara. Ɗan bida kuma, kafin ya ba direba waya ya kawo gida, ya fara cire asusunsa daga cikinta sannan ya goge ta, aikin da bai kai minti biyar ba.