Littafin Dabbobin da Suka Hau Sama

Yara, akwai littattafan hotuna da ake kawowa daga ƙasashen Turai, inda za ku ga kare ko biri cikin kumbo, yana leƙe ta taga yana murmushi, sai ka ce mai zuwa yawon salla. Hotunan suna da kyau, amma ba haka abin ya faru ba. Ni a ganina ya kamata a yi muku irin wannan littafi da Hausa, a faɗi gaskiya a ciki.

A shekarar 1957 mutanen Rasha suka ɗauki wata karya mai suna Laika daga titin Mosko, suka harba ta sama. Ba su shirya mata hanyar dawowa ba. Zafi ya yi yawa cikin kumbon, ta mutu bayan 'yan sa'o'i. Sai a 1960 karnuka biyu, Belka da Strelka, suka kewaya duniya suka dawo da rai.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Ham, wani babban biri da aka kamo a Kamaru, maƙwabciyarmu. Amurkawa suka koya masa ya ja wani ƙarfe da zarar fitila ta kama. In ya ja a kan lokaci, a ba shi ɗan abinci mai ɗanɗanon ayaba. In ya makara, lantarki ya ɗan ja shi a tafin ƙafa. Ran 31 ga Janairu, 1961, ya tashi, ya yi wajen minti 16, yana jan ƙarfensa, ya sauko cikin teku lafiya. Da haka aka gane mutum ma zai iya aiki a can.

Yaron da ubansa ke tsayuwa gaban inji a masana'antun Bompai ko Sharada, ko majemun Challawa, ba zai sha wuyar gane wannan ba. Ya san inji ba ya jiran mai gyangyaɗi. Bambancin kawai, uban shi ya nemi aikinsa, Ham kuwa ba wanda ya tambaye shi.

Kada kuma mai littafin ya manta da Kano. A wancan zamani Amurkawa sun kafa tasha a nan, mai bin sawun kumbo ta rediyo, ta kuwa yi aiki ranar da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a 1962. Wannan tasha ta cancanci shafi guda, da hotonta.