RA'AYINMU: WA KE CIN MORIYAR BAƘIN TSAUNI?

Ran 29 ga watan Mayu, 1953, Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka zama mutanen farko da suka taka ƙolin Everest, tsaunin da ya fi kowane tsawo a duniya, wanda ke kan iyakar Nefal da Sin. Tun daga ranar nan baƙi suka yi ta kwarara zuwa lardin Khumbu da ke gindin tsaunin, har zaman mutanen wurin ya sake kama.

Ba shakka an sami alheri. A da, 'yan ƙabilar Sherpa da ke zaune can ba su da abin yi sai noman dankali da kiwo da fataucin gishiri daga Tibet. Da hanyar fatauci ta toshe bayan 1959, baƙin ne suka cike gurbin. An gina makaranta a Khumjung cikin 1961, da filin jirgin sama a Lukla cikin 1964, da asibiti a Kunde cikin 1966. Magidanta da yawa sun mai da gidajensu masaukai.

To, amma rabon fa? Daga watan Satumba na 2025 gwamnatin Nefal ta ƙara kuɗin iznin hawan Everest daga dala 11,000 zuwa dala 15,000 kan kowane baƙo a lokacin da aka fi hawa. Baitulmali ke karɓar wannan. Kamfanonin da ke shirya tafiya kuwa, galibinsu a Katmandu ko ƙasashen waje suke. Ɗan dako da ke sunkuyar kaya kan hanya, ladan yini kaɗai ne nasa, ga kuma tsadar abinci da baƙin suka jawo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Ran 18 ga watan Afrilu, 2014, ƙanƙara ta rufto ta kashe ma'aikata 16 'yan Nefal. Da farko abin da gwamnati ta ce za ta ba kowane gida bai wuce kimanin dala 400 ba. Sai da 'yan'uwansu suka ƙi aiki aka soma sauraronsu. Girgizar ƙasa ta 2015 da annobar korona ta 2020 kuma suka tsai da hawa cik, masu masauki da 'yan dako suka wayi gari hannu rabbana.

Duk da haka akwai abin koyi. Dokar Nefal ta tanadi a mayar wa jama'ar da ke kewaye da gandun daji kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na kuɗin da gandun ya tara, su yi ayyukan raya karkara da shi.

Mun kawo wannan batu ne domin mu ma muna da tsaunukan da ake kwaɗaita wa baƙi: Mambila a Jihar Taraba, da Cappal Waddi, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Nijeriya, a gandun Gashaka Gumti. Mambila ƙasar shanu ce da ganyen shayi, kuma rigimar fili ta riga ta ci rayuka a can cikin 2017. In aka bari 'yan kasuwa suka kame filaye da sunan gina otal, wuta za a ƙara wa mai.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da ta tsai da ƙa'ida tun kafin baƙi su yi yawa. A yanka wa ƙaramar hukuma da ƙauyuka rabonsu a rubuce cikin doka. A koya wa samarin wurin aikin ja-gora da kula da masauki, a kuma tilasta yi wa ma'aikata inshora. Kada a bari noma da kiwo su mutu, domin ranar da baƙo ya ɗauke ƙafa, su za a koma wa. Ma'aikatan da ke tsara waɗannan shirye-shirye su tuna, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.