Tsadar Na'urar Sa Ido Tana Cikin Batirinta

MINNA: Ruwan madatsar Tagwai da ake tacewa a Chanchaga yakan yi doguwar tafiya cikin bututu kafin ya isa tsofaffin unguwanni irin su Limawa. Duk inda bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, kuɗin tacewa da na turawa sun bi rariya, magidanci kuma ya koma hannun 'yan garuwa. Maganin da injiniyoyi ke gabatarwa shi ne a jera ƙananan na'urori masu auna ƙarfin ruwa, kowace da batirinta da ɗan rediyonta, suna aika rahoto zuwa cibiya guda ba tare da waya ba.

Dabarar tana da kyau, amma wajibi ne mai zuba jari ya san inda kuɗinsa zai zurare. Sayen na'urar sau ɗaya ne. Canza batiri kuwa, da ladan ma'aikacin da zai bi lungu-lungu yana buɗe ramuka, ɗawainiya ce mai maimaituwa. Abin da ya fi cin batirin shi ne aika saƙo. Idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin da rediyon ke buƙata yakan ninka huɗu a fili, ya zarce haka a unguwa mai cunkoson katangu da rufin kwano kamar Limawa.

Saboda haka akan sa na'urorin su riƙa miƙa wa juna saƙo hannu da hannu, tamkar leburori masu miƙa bulo a wurin gini. Sai dai wannan ma da aibinsa: waɗanda ke kusa da cibiya su ke ɗaukar kayan kowa, su ne kuma ke fara mutuwa. Da zarar sun yi shiru, na nesa sun zama kurame ko da batirinsu cike yake, jarin duka ya tsaya cik.

A shekarar 2000, Wendi Heinzelman da abokan aikinta na jami'ar MIT a Amurka suka fito da tsarin LEACH. Ana raba na'urorin rukuni-rukuni, ɗaya ta tattara rahoton 'yan rukuninta ta taƙaita shi ta aika, sa'an nan shugabancin ya zagaya kamar kwasar adashi, don kada nauyin ya kashe guda. Akwai kuma fasahar LoRa mai kai ɗan gajeren saƙo kilomitoci kai tsaye, wadda sau da yawa ta fi dacewa da bututu mai tsawo.

Don haka kuskure ne a bayar da irin wannan kwangila bisa farashin kowace na'ura. Ya kamata takardar neman tayi ta tilasta wa ɗan kwangila ya faɗi watannin da za a yi kafin na'ura ta farko ta mutu, ya kuma ɗauki asarar idan lissafinsa ya gaza. Wurin gwaji bai yi nisa ba: Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da sassan injiniya a Gidan Kwano da za su iya auna alkawarin kafin a biya ko kwabo.