Mu Ƙaru da Juna: Lallashi Cikin Faransanci da Ingilishi



A shekara ta 2025 babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ita ce harshen ƙasar Nijar. Faransanci da Ingilishi kuma su ne harsunan aiki. Ke nan mai zuwa asibiti, ko biron ma'aikatan noma da kiyo, zai ci gaba da gamuwa da Faransanci. Mai kai awaki Jibiya ko Katsina ta hanyar Ɗan Isa zai iya jin Ingilishi a bakin ma'aikata.

Bahaushe ya san lallashi. Ba ya ce ma babba "ba ni". Sai ya ce "don Allah", ko "da ka taimaka mini". Harsunan nan biyu ma suna da tasu hanya. Matsalar ita ce, mutum ya tsinci kalma biyu uku, bai san mai kaifi da mai taushi ba. Sai ya yi magana a ɗauke shi marar kunya, alhali ba nufinsa ba ke nan. Baki shi ke yanka wuya.

Mu fara da Faransanci. "Kai" iri biyu ne. Akwai "tu", ana faɗin shi "tu", na yaro ne da aboki. Akwai "vous", ana faɗin shi "bu", na girmamawa ne, kamar yadda muke ce ma dattijo "ku". Da ma'aikaci ko baƙo, a riƙe na biyun.

"Je veux" na nufin "ina so", amma da kaifi. Gara "je voudrais", a ce "je budire", wato "da zan samu ina so". A ƙara da "s'il vous plaît", a ce "sil bu pile", wato "don Allah". In kana son jawo mutum ga shawararka, ka ce "et si on attendait ?", a ce "e si on atande", wato "to, in muka jira fa?" Ka ba shi shawara, ba ka umurce shi ba.

A Ingilishi "you" guda ne ga babba da yaro. Saboda haka taushin yana cikin tambaya. Maimakon "give me", wato "ba ni", ka ce "could you help me, please?", a ce "kud yu halp mi, filis", wato "ko za ka taimake ni, don Allah?" Maimakon "I want", ka ce "I would like", a ce "ai wud laik".

Dabarar dai guda ce a harsunan uku: ka mai da umurni tambaya, ka bar ma mutum ƙofar fita. Kuma a fara da gaisuwa.

Amma ga kashedi. Lallashi ba tilas ba ne. Wani zai zo Kanambakashe ko Maijirgi da daɗin baki, yana son ka sa hannu a takardar gona ko ta bashi. Kai ma kana da amsa mai taushi. Da Faransanci ka ce "je vais réfléchir", a ce "je be refileshir". Da Ingilishi ka ce "let me think", a ce "let mi tink". Duka biyu na nufin "bari in yi tunani". Kuma kana da ikon cewa a bayyana maka da Hausa. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka gane ba.

Ku maimaita kalmomin nan a ajin yaƙi da jahilci, biyu biyu. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.