Jiniyar gargaɗi: Me ya sa ake komawa gare ta?

Da asubahin ranar 4 ga watan Yulin 2025 kogin Guadalupe da ke jihar Texas ta Amurka ya cika ya tumbatsa, inda ruwansa ya ƙaru da kusan mita 8 cikin minti 45.

Mutane sama da 130 ne suka rasa rayukansu a ambaliyar, cikinsu har da yara mata da masu kula da su a wani sansanin hutu mai suna Camp Mystic.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasar ta aika da saƙon gargaɗi ta wayar salula tun cikin dare. Sai dai jama'a na barci, wasu wuraren babu sabis, kuma ba a yarda yaran da ke sansanin su riƙe waya ba.

Gundumar Kerr, inda aka fi yin asarar rayuka, ba ta da jiniyar gargaɗi a lokacin. Shekaru kafin nan jami'anta sun tattauna batun kafawa, amma maganar ta bi ruwa saboda tsada. A garin Comfort kuwa da ke gaba a bakin kogin, an kaɗa jiniya jama'a suka fice. Watanni biyu bayan haka jihar ta kafa dokar da ta wajabta girka jiniya a yankunan da suka fi fuskantar ambaliya.

Kowa ya tuna bara

Ba Texas ce ta fara yin wannan nadama ba. A zamanin yaƙin cacar baka Jamus ta Yamma na da dubban jiniyoyi a kan rufin gidaje da makarantu. Bayan haɗewar ƙasar a 1990 gwamnatin tarayya ta sakar wa ƙananan hukumomi su, aka kwance da dama daga cikinsu, bisa tunanin cewa rediyo da talabijin, daga baya kuma manhajojin waya, sun wadatar.

A watan Yulin 2021 ambaliya ta kashe mutane sama da 180 a yammacin ƙasar, galibinsu a kwarin kogin Ahr. Ruwan ya lalata layukan lantarki da turakun sadarwa, don haka wayoyin da aka dogara da su suka yi shiru a daidai lokacin da ake bukatarsu. Tun daga nan garuruwan Jamus suka duƙufa wajen girka sababbin jiniyoyi, akasarinsu masu aiki da lasifika.

Yadda take aiki

Tsohuwar jiniya inji ce. Akwai mota mai juya wata farfela cikin wani gwangwani mai ramuka, tana datse iskar da ke fita sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, abin da ke haifar da kukan nan mai hawa da sauka. Tana da ƙarko, amma tana cin wuta sosai, kuma kuka kaɗai ta iya.

Ta zamani kuwa ba ta da wani nisa da lasifikar masallaci, illa dai ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana haɗa sautin ne a cikin akwatin na'ura, a ƙara masa ƙarfi da amfilifaya, sannan ya fita ta jerin ƙahonnin da aka ɗora kan juna a saman dogon turke. Wasu na jefa sautin ko'ina a lokaci guda, wasu kuma juyawa suke yi.

Ƙarfin manya daga cikinsu kan kai desibel 120 ko fiye a tazarar mita 30. Amma sauti na raguwa da aƙalla desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka, kuma gine-gine da bishiyoyi da iska kan ƙara cinye shi. Shi ya sa masu tsarawa ke fara auna hayaniyar unguwa, su tabbata kukan ya ɗara ta da kamar desibel 10, kafin su yanke inda za a kafa turke na gaba.

Fifikonta uku ne. Tana aiki da batir, wanda a wasu wuraren hasken rana ke caji, don haka ɗaukewar wuta ba ta kashe ta. Ana iya gwada lafiyarta daga ofis ba tare da an tayar wa kowa da hankali ba. Sannan tana iya magana, ta faɗi irin haɗarin da kuma inda za a nufa.

Tana da nata raunin. Murya ba ta kai nisan kuka, kuma idan turaku biyu ko uku na magana tare, kalmomin kan cakuɗe, kamar yadda kiran salla daga masallatai makusanta ke hawa kan juna. An ƙera ta ne domin waɗanda ke waje, ba lallai ne mai barci a ɗaki da tagogi a rufe ya ji ta ba. Kuma tun da ta rediyo ake ba ta umarni, ɓata-gari na iya kutsawa, kamar yadda aka yi a birnin Dallas a watan Afrilun 2017, inda aka kunna jiniyoyi 156 da tsakar dare.

Wa zai danna?

Abin da ya faru a Hawaii ya nuna cewa mallakar na'urar daban, amfani da ita daban. Jihar na da jiniyoyi kimanin 400, kusan 80 daga ciki a gundumar Maui, kuma ana gwada su a farkon kowane wata.

Amma a ranar 8 ga watan Agustan 2023, da gobarar daji ta cinye garin Lahaina ta kashe mutane kimanin 100, ko ɗaya ba a kunna ba. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta Maui a lokacin, Herman Andaya, ya kare matakin da cewa jama'a sun saba danganta jiniya da igiyar ruwa ta tsunami, don haka ya ji tsoron su gudu kan tudu, inda wutar take. Ya yi murabus kwana guda bayan wannan bayani.

Masu sukarsa na cewa ko ba komai kukan zai sa mutane su leƙo waje su ga hayaƙi. Ko ma wane ne ke da gaskiya, darasin shi ne jiniya ba ta da wata ma'ana sai wadda hukuma da jama'a suka yi ittifaƙi a kai tun kafin bala'i ya auko.

Yawan kaɗa ta ma matsala ce. Binciken da hukumar yanayi ta Amurka ta gudanar bayan mahaukaciyar guguwar da ta kashe mutane kusan 160 a garin Joplin na jihar Missouri a 2011 ya gano cewa mazauna garin da dama ba su nemi mafaka ba da suka ji kukan farko, saboda sun sha jin sa ba tare da komai ya faru ba.

Japan ta bi wata hanya. A garuruwa da yawa lasifikokin gargaɗi kan saki ɗan kiɗa kowace yamma, galibi da ƙarfe biyar. Yara na ɗaukar sa a matsayin alamar komawa gida, jami'ai kuma na tabbatar da cewa na'urar na da rai, yayin da aka keɓe sautin haɗari domin ranar haɗari kawai.

Masu nazarin ayyukan agajin gaggawa dai na ganin cewa jiniya ba za ta maye gurbin waya ko rediyo ba, su ma ba za su maye gurbinta ba. Aikinta shi ne ta tashi mai barci, sauran kafofin su yi masa bayani. Ita kanta Jamus, a daidai lokacin da take girka jiniyoyi, ta soma aika gargaɗi kai tsaye ga duk wayar da ke yankin haɗari a 2023.

Ƙalubalen da ke gaban hukumomin da ke ware kuɗi yanzu shi ne abin da zai biyo bayan sayen na'urar: wa zai riƙa sauya batir bayan an manta da ambaliyar bara, wa zai koya wa jama'a ma'anar kukan, kuma wane jami'i ne ke da hurumin dannawa da ƙarfe uku na dare ba tare da jiran izinin na sama da shi ba.