A Dubi Matan Sojoji Wajen Ɗaukar Aiki

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in jawo hankalin hukuma kan wata matsala da ke ci wa matan sojoji tuwo a ƙwarya.

Kowa ya san soja ba shi da gari. Yau yana Kaduna, gobe an tura shi Ibadan ko Inugu ko Maiduguri. To, matarsa fa? Wata malamar makaranta ce mai takardar NCE, wata nas ce a asibitin gwamnatin jiha. Ranar da aka yi wa maigida canji, ko dai ta bi shi ta ajiye aikin, ko ta riƙe aikin gida ya rabu biyu. In ta bi shi, ta je neman aiki a sabuwar jihar, sai a ce ita ba 'yar asalin jiha ba ce. In an tausaya mata a ba ta kwantiragi, ba fansho, shekarun da ta yi a baya kuwa sun bi ruwa.

Ba a musun ƙoƙarin ƙungiyoyin NAOWA da NASWA wajen koya wa mata ɗinki da sauran sana'o'in hannu, Allah ya saka musu. Amma fa wadda ta yi karatun jinya ba keken ɗinki take nema ba, aikinta take so.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta shafa ba. A Amurka, a 2008 Shugaba Bush ya sa hannu kan umarnin da ya ba ma'aikatun tarayya damar ɗaukar matar soja aiki ba sai ta shiga takara da sauran masu nema ba. A 2023 kuma Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar da ta ce in an canja wa soja jiha, lasisin sana'ar matarsa ya ci gaba da aiki a can.

Don haka ina kira ga Gwamnatin Tarayya, duk matar sojan da ke aikinta a riƙa yi mata canji zuwa inda aka kai mijinta ba tare da jan rai ba. Makarantun Command da asibitocin bariki su fara duba matan bariki masu takardu in gurbi ya samu. Gwamnoni kuma su daina tambayar matar soja takardar asali, tunda mijinta bai tambayi asalin kowa ba kafin ya tsare masa gari.

Tun daga 2009 yaƙin Boko Haram ya bar mata da yawa da marayu a hannu. Wadda take da albashinta ba za ta zauna jiran kuɗin mamaci yara suna gida ba makaranta ba. Da fatan masu iko za su duba.



Matar wani tsohon soja,
Kaduna.