Ƙorafin iyayen Kademi: ƙwaya ta iso ƙauye, magani ya tsaya a birni

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf,
ta hannun Shugaban Ƙaramar Hukumar Gaya.

Kwafi ga Mai Martaba Sarkin Gaya, da Shugaban Ƙaramar Hukumar Ajingi, da Kwamishinan Lafiya, da Kwamandan NDLEA na Jihar Kano, da Babban Kwamandan Hisba.



Ranka ya daɗe, mu da muka rubuto wannan takarda iyaye ne, maza da mata, mazauna Kademi da ƙauyukan da ke cin kasuwarta, tare da 'yan uwanmu na ɓangaren Ajingi da muke auratayya da su. Cikinmu akwai manoma da malaman makaranta da masu sana'ar hannu. Kusan kowannenmu yana da ɗa, ko ƙane, ko ɗan riƙo da ƙwaya ta kama, kuma mun rasa inda za mu kai shi a yi masa magani. Wannan shi ne kukanmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka muna roƙon a karanta shi da zuciyar da muka rubuta shi.

Gwamnati ta san girman abin fiye da mu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi shaye-shaye a cikin shekara guda. A Jihar Kano kashi 16 cikin ɗari ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya. Binciken ya ce cikin kowane mutum biyar masu sha, ɗaya abin ya riga ya zame masa cuta. Idan ana karanta waɗannan alƙaluma a rediyo, hankalin mai sauraro yana tafiya lungunan birni da 'yan daba da masu ƙwacen waya. Ba a tuna cewa jihar tana da ƙananan hukumomi 44, kuma takwas kacal ne na cikin birni.

A wajenmu yawancin yaran ba don nishaɗi suka fara ba. Saurayi ne ya karɓi ƙwadagon noma a damina, an yi masa jinga, yana so ya gama gona biyu a wuni ɗaya, sai abokinsa ya miƙa masa tiramol ya ce ba zai ji gajiya ba. Haka ɗan acaɓa, haka mai lodin buhuna ranar kasuwa, haka mai yin bulo. Ranar farko ƙwaya ɗaya ta ishe shi. Bayan wata uku sai biyu, sai huɗu, domin jiki yana sabawa. Ƙarfin da hukuma ta amince a sayar da tiramol shi ne miligiram 50 da 100, shi ma da takardar likita, amma wanda ke yawo a hannun yaranmu 225 aka rubuta a jikinsa. Mun ga samarin da suka faɗi a tsakiyar gona suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, alhali ba a san su da ita ba, aka ce aljanu ne, aka yi ta hayaƙi da ruƙiyya, ashe ƙwayar ce ke jawo hakan idan ta yi yawa. Bayan tiramol akwai wiwi, akwai sholisho a hannun yaran da ko balaga ba su yi ba, akwai roci da eksol, akwai zaƙami da ake jefawa a shayi. Barasa ma tana shigowa a 'yan ƙananan ledoji da kwalabe da sunan maganin basir ko na ƙarin kuzari, har wanda ba zai taɓa kusantar gidan giya ba ya sha, yana ganin magani ya sha.

Ba mu musun an yi ƙoƙari. A watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikin kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A Fabrairun 2024 an rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari, aka ce dillalai su koma cibiyar Dangwauro inda za a iya sa musu ido. Hisba tana fasa kwalaben giya, NDLEA tana kame, muna ji muna gode wa Allah. Sai dai duk lokacin da aka toshe wata kafa, masu cinikin sukan buɗe wata. A Fabrairun 2025 BBC ta sake nuna yadda wani kamfani a Mumbai ta ƙasar Indiya yake haɗa wata ƙwaya da ta fi tiramol ƙarfi yana turo ta Afirka ta Yamma, sai bayan nan Indiya ta haramta haɗin. Wanda jikinsa ya riga ya kamu ba ya dainawa don an hana sayarwa. Sauya ƙwaya yake yi, ya koma wa mafi arha, kuma sau da yawa ita ce mafi haɗari.

Ranka ya daɗe, ga inda abin ya fi yi mana ciwo. Shekara da shekaru, idan yaro ya gagari iyayensa a ƙauye, gidan mari ake kai shi. A ƙarshen 2019 aka bankaɗo abin da ke faruwa a irin waɗannan gidaje, daga Rigasa ta Kaduna zuwa Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya, har da ƙananan yara. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe nata. Mun goyi bayan wannan hukunci, kuma har gobe ba ma neman a dawo da su, domin ɗan Adam ba abin ɗaurewa ba ne. Amma da aka rufe, me aka ajiye a madadinsu ga mutumin ƙauye? Uwar da ɗanta ya sayar da akuyarta, ya ɗebe hatsin rumbu, ya ɗaga wa mahaifinsa hannu, ina za ta nufa da shi? Abin da ya faru shi ne marin ya bar gidan malam ya dawo cikin gidajenmu. Akwai ɗakunan da aka kulle samari a ciki a yankin nan, iyayensu na kuka suna miƙa musu tuwo ta taga. Ba mugunta ce ta sa su ba, dabara ce ta ƙare musu. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma ba mai irin wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Mun ji labarin dokar. Amfaninta bai iso Kademi ba tukuna.

Idan ka tambayi ma'aikacin lafiya, zai ce ka kai shi Dawanau, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru. Muna roƙon a dubi taswira. Mu muna gabashin jiha, daf da iyakar Jigawa. Kafin mutum ya isa Dawanau sai ya bi ta Wudil, ya ratsa birnin Kano gaba ɗayansa, ya fita ta hanyar Katsina. Kiru kuwa tana can kudu maso yamma. Yaron da hankalinsa ba ya jikinsa ba ya shiga motar haya da fasinja, sai an yi shatar mota, sai ƙarti biyu sun bar aikinsu sun riƙe shi. Ga kuɗin gado, ga na magani, ga abincin mai jinya. Kuma wannan cuta ba irin wadda ake zuwa sau ɗaya a warke ba ce, ana buƙatar komawa ganin likita wata bayan wata. Manomin da ya sayar da buhun gero ya yi zuwan farko ba shi da na biyu. A nan ne yawancin jinyar take yankewa, yaron ya koma ruwa, a ce ai dama ba ya jin magana.

Shi ma kamen muna da magana a kansa. Wanda aka fi kamawa shi ne yaron da aka samu da ƙulli ɗaya a aljihu. Iyaye su ci bashi su karɓo shi, ko ya yi watanni a gidan gyaran hali tare da waɗanda suka fi shi sanin hanya, ya fito ya tarar da mai sayar masa yana nan inda ya bar shi. Likitoci sun bayyana cewa wanda ya saba da tiramol, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, zai yi fama da ciwon gaɓoɓi da zawo da gumi da rashin barci na kwanaki, kuma wannan azaba ce ke mayar da shi, ko da ya yi rantsuwa da niyya ta gaskiya. Sun kuma ce wanda ya daɗe a tsare bai sha ba, idan ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa, domin jikin ya riga ya saki sabon. Saboda haka sakin yaro daga tsare ba tare da an haɗa shi da ma'aikacin lafiya ba jefa rayuwarsa ne cikin haɗari.

Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu sam. Wancan bincike na Hukumar Ƙididdiga ya ce cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Matar aure a ƙauye ba za ta hau mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba, domin kafin ta dawo labari ya zaga gari, aurenta na iya mutuwa, 'ya'yanta mata su rasa manema. Shiru take yi har abin ya cinye ta.

Babbar buƙatarmu ita ce a keɓe sashen kula da masu fama da shaye-shaye a Babban Asibitin Gaya, wanda zai ɗauki mutanen Gaya da Ajingi da Albasu, ƙananan hukumomi ukun da ke ƙarƙashin masarautar Gaya. Ba sabon gini muke nema ba. 'Yan gadaje, da ma'aikatan jinya da suka karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, da likita mai zuwa daga birni a rana sananniya kowane mako, da magani a farashin da talaka zai iya. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP domin wurare irin namu, inda ake horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane cutar, su fara kula da ita, su san lokacin da za su tura mutum gaba. A horar da na asibitin Kademi da na sauran mazaɓu a kan wannan tsari, a sa mata cikinsu, yadda mace za ta iya faɗin damuwarta a ranar awo ko rigakafi ba tare da kowa ya san abin da ya kawo ta ba. A ajiye allurar nalokson, wadda ke farfaɗo da wanda irin wannan ƙwaya ta danne wa numfashi. Jihar tana da asusun tallafa wa lafiya na KHETFUND, muna roƙon a ware wa wannan aiki kasonsa a rubuce cikin kasafin kuɗi, don kada ya dogara da alherin wanda ke kan kujera.

Muna kuma roƙon a yi tsari tsakanin 'yan sanda da NDLEA da Hisba da kotuna, cewa wanda aka kama yana sha, ba sayarwa ba, asibiti za a fara kai shi, mai unguwarsa da mahaifinsa su tsaya masa. Ƙarfin hukuma kuma a juya shi kan dillalai. A riƙa shiga kasuwannin ƙauye ana duba masu baza magani a tabarma da masu yawo da shi a kan babur, a tantance kemis-kemis, mai lasisi a bar shi ya ci halalinsa, wanda ke sayar wa yara ƙwaya a rufe shi. Mutanen gari sun san su. Abin da ke hana su magana shi ne tsoron kada sunan mai ba da labari ya riga jami'ai isa wurin dillalin. A ba mu hanyar kai rahoto da za ta rufa mana asiri.

Wata maganar tana da nauyi, amma dole mu faɗe ta. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 hukumar zaɓe ta jiha ta wajabta wa 'yan takara gwajin ƙwaya, kuma mun yaba. To amma ɗan takarar da gwajinsa ya fito lafiya, idan yaran da ke bin motarsa da gorori a buge suke, kuma da kuɗin kamfen aka saya musu, ina amfanin gwajin? Kowace kakar zaɓe tana bar mana sababbin 'yan jagaliya, kuma bayan an rantsar da masu nasara mu ake bar wa jinyarsu. Muna neman doka da za ta hukunta duk ɗan siyasar da aka samu da wannan, ko daga wace jam'iyya yake.

Ga Mai Martaba Sarki, Allah ya ƙara masa lafiya, roƙonmu shi ne ya umarci hakimai da dagatai da limamai su riƙa kiran abin da sunan cuta mai magani, tare da haramcinsa da kowa ya sani. Malamanmu suna karantar da mu cewa a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sha kawo wani mutum saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana. Yaron da aka tsine masa a gida, aka kore shi daga sahu, dillali kaɗai ya rage mai yi masa fara'a. Wanda ya dawo daga jinya kuma yana buƙatar abin yi, don haka a sa irinsu a gaba idan ana rabon kayan noman rani ko ɗaukar masu koyon sana'a.

A namu ɓangaren, a shirye muke mu ba da ɗakin taro, mu fito da masu sa kai maza da mata da za a horar, mu kuma raka duk yaron da aka sallama zuwa ganin likita. Muna roƙon Mai Girma Gwamna ya turo wakilai daga Ma'aikatar Lafiya su zo Kademi su zauna da mu a gaban dagaci, su ga gidajen da muke magana a kansu da idonsu, kuma a ba mu amsa a rubuce ta ofishin Shugaban Ƙaramar Hukumar Gaya kafin a miƙa kasafin kuɗin shekara mai zuwa ga Majalisar Dokoki.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.

Mu ne naka,
Iyaye maza da mata na Kademi da kewaye,
Ƙaramar Hukumar Gaya, Jihar Kano.